Abin da Ka Buɗe, Ka Rufe

A bayan shagon Siddiƙ mai gyaran rediyo,
nan Gadarif, inda ƙamshin riɗi ke bin mutum har aljihu,
muna da kwamfuta huɗu.
Ɗaya ba ta farkawa sai an dafa mata ƙeya.
Yara tara ne, wata rana sha ɗaya,
in ba a aike su niƙa ba.

Na ce musu: shafin intanet fili ne,
ba dillali, ba shaidu, ba rikicin gado.
Ku ja layi, ku kafa dirka.
Ga kai, ga gangar jiki.
Doka ɗaya ce tak a ɗakin nan:
abin da ka buɗe, ka rufe.
Alamar da ka bari a hangame,
ta nan ginin zai yi yoyo.

Tayyib ya gina wa babansa rumfar agashe,
hoton nama, hoton yaji, farashi da jan rubutu.
Ya yi tafiyarsa ƙwallo wata biyu.
Nama ya hau, shafi bai ji labari ba.
Sai ga wani direba da waya a hannu
yana rantsuwa shi tsohon kuɗi zai biya.
Washegari uban ya leƙo, wuƙa a ɗamara, ido ja:
"Malama, wannan abu naku ci yake da ni!"
Ranar Tayyib ya gane shafi akuya ne,
kullum da safe sai an kai masa dusa.

Awad kuwa ya sayar da kalmar sirrinsa
a kan kofin zoɓo mai ƙanƙara.
Da ya dawo, jaki ya tarar a inda hotonsa yake,
an ma ɗaura masa rawani.
Mun yi dariya har fanka ta tsaya.
Sannan na tambaye shi:
mabuɗin ɗakin innarka, nawa ka sayar?
Bai amsa ba. Ya sauya, ya haɗiye.

Mahasin ce ta fi ba ni aiki.
Larabcin makaranta yana tahowa daga dama,
Hausar gida daga hagu,
su yi karo a tsakiyar allo kamar amalanke biyu a lungu.
Ta rubuta ƙasa, ta rubuta ɗiya,
haruffa masu lanƙwasa suka fito akwatuna, fayau.
Ta ce, "Injin bai san mu ba."
Na ce, gabatar da kanki.
Layi guda ta ƙara can sama,
sai ga ƙa da ɗa sun miƙe da ƙugiyoyinsu.

Rannan ta jawo kakarta, Hajja Daso,
ta zaunar da ita kan buhun dawa.
Tsohuwa ta lumshe ido tana ƙirga zangon mahaifinta,
wanda ya baro Kazaure da sanda da buta:
Yarwa, Abashe, Jinaina,
Fashir inda jakin ya mutu,
Ubayyid inda aka haife ta a gindin kuka.
Kowane gari yarinyar ta yi masa ƙofa,
ka taɓa, ta buɗe, labari ya fito.

Ƙofar ƙarshe Makka ce.
Aka taɓa, fari fat.
Nan Gadarif ya tsaya noman damina ɗaya,
daminar ta zama arba'in.

"Malama, in goge ta? Ba komai ciki."
Na buɗe baki zan maimaita dokata,
tsohuwa ta riga ni:
"Bar wannan a buɗe, 'yar nan.
Ba a gama tafiyar ba."

Wuta ta ɗauke kafin la'asar.
Ban damu ba, ta riga ta adana.
Suka fita suna gardamar launi,
ni kuma na tsaya da kwado a hannu
ina duban ƙofar shagon.